Shugaba da Ɗaukacin Ma'aikata

Ran Lahadi da hantsi, a tsakar gidansu da ke Gazawa, Rahina na zaune da waya biyu, ɗaya a kunne ɗaya a kan cinya. Furar da aka dama mata tun ɗazu tana gefe, ƙuda ne kawai suka san daɗinta. Mahaifiyarta, Umma Binta, tana ɓare gyaɗar iri tana kallonta ta wutsiyar ido. Wai yarinya ta zo ganin gida ke nan, amma tun jiya ba wanda ya sami cikakkiyar magana daga bakinta sai mutanen cikin waya.

Shekarar ƙarshe take a wata babbar makaranta a Maraɗi, inda take karatun hulɗa da jama'a. Idan tsofaffin unguwa suka tambayi ma'anar wannan karatu, Umma kan ce gyaran magana ake koya musu. Ba ta yi ƙarya ba. In ma'aikata ta yi abin kirki su ne za su shaida wa duniya, in ta yi ɓarna su ne za su fito su lallashi jama'a. Rahina kuwa ta iya, wannan ba mai ja. Ga memuwar, wato kundin kammala karatu, tana rubutawa, ga sitaj, wato koyon aiki, tana yi a wani kamfanin man gyaɗa a hannun Madam Latifa, mace mai kirki amma wadda ba ta san ana gajiya ba. Madam ta yi mata alkawarin kujera a buro, wato ofishinsu, da zarar ta gama. Har tallar kamfanin da ake sawa a rediyo Rahina ce ta tsara ta, kuma da muryarta aka ɗauka. Dabararta ce tallar ta fara da sallama, kamar baƙuwa a bakin ƙofa: "Salamu alaikum masu gida, Rahina ce." Madam ta yaba wannan dabara har gaban darakta.

Da ta sauke wayar, Umma ta ce mata Malam Balarabe fa jiki ya ƙi, sati biyu ke nan yana kwance a Gidan Rumji, ya kamata ta wuce ta duba shi kafin ta koma bakin aiki.

"Na sani, Umma, Abdulhadi ya gaya mini. Alhamis muna da taron 'yan jarida. Da an gama, Juma'a da sassafe ina can."

"Shi ciwon ya san Juma'a?" in ji Umma.

Rahina ta yi dariya, ta ce Umma ke nan. Wayar cinya ta yi ƙara, ta ɗauka.

Malam Balarabe ba surukin gobe kaɗai ba ne a wurinta. Aminin mahaifinta ne. Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Gidan Rumji, a nan aka haifi Rahina, a tsakar gidansa ta koyi tafiya. Da mahaifinta ya rasu tana 'yar shekara goma sha biyu, Malam Balarabe ya rufe rumfarsa ta hatsi kwana bakwai cur, ya zauna a ƙofar gidan yana karɓar gaisuwa kamar ƙaninsa ne ya tafi. Da Umma ta kwashi yara ta koma wurin danginta a Gazawa, shi ya bi su ya roƙi kawunnan Rahina kada a cire ta daga lakol, makarantar boko. Da ɗansa Abdulhadi, wanda yanzu malamin lakol ne, ya buɗe baki ya ce Rahina yake so, tsohon ya kasa ɓoye murnarsa. An kai gaisuwa, an sa biki bayan kaka. Shi Abdulhadi ba mai yawan magana ba ne. Madam Sanarwa yake ce mata in yana son tsokanarta, ita kuma ta ce masa Mushe Alli, wato Malam Alli a bakin Faransanci, su yi ta dariya. Son da take yi masa ba na faɗi ba ne, ko da yake bakinta bai taɓa rasa abin faɗi ba.

A wannan makon ne kamfanin ya shiga uku. Wani ya baza a waya cewa ana gauraya man da wani abu, magana ta yi reshe, 'yan kasuwa suka fara mayar da jarkoki. Buro ya zama kamar kasuwa. Ran Talata Rahina ta shiga taro tun safe, waya a kashe, ba ta fito ba sai bayan azahar. Ta kunna ta tarar da kiran Abdulhadi har bakwai. Da ta kira, muryarsa ta fito a dushe. Ya ce Baba ya cika da hantsi, yanzu suka dawo daga kai shi.

Ta shiga bayi ta kulle, ta yi kuka har numfashinta na sarƙewa. Da ta fito ta gaya wa Madam Latifa, Madam ta rungume ta, ta yi mata ta'aziyya, sannan ta tambaye ta a hankali wa zai karanta wa 'yan rediyo bayanin Hausa ran Alhamis idan ta tafi. Ba ta hana ta ba, gaskiya ita ce gaskiya. Rahina ce da kanta ta zauna ta yi lissafi irin na masu karatu: wanda ya rasu ya riga ya rasu, an riga an kai shi, zuwanta yau ko Juma'a ba zai dawo da shi ba. Lissafin ya fita daidai, abin da ya ɓata shi ke nan.

Ta ce to bari ta aika wa Basira, ƙanwar Abdulhadi kuma ƙawarta, 'yan kalmomi ta karanta wa Inna Zulai, matar marigayin. Ta ɗauki waya, kai ya ƙi kawo ko kalma ɗaya. A cikin wayarta ta aiki kuwa akwai rubutattun saƙonni da ta tanada wa kamfani, na barka, na godiya, na ta'aziyya, sai dai a canja suna. Ta buɗe na ta'aziyya da niyyar aron layin farko kawai. Ta sa sunan Malam Balarabe ke nan Madam ta ƙwala mata kira daga ofishin darakta. Ta danna, ta miƙe da gudu. Ita da ke karanta sanarwar kamfani sau biyar kafin ta fita, wannan ko sau ɗaya ba ta duba ba. Ga abin da ya tafi Gidan Rumji:

"Cikin alhini muka sami labarin rasuwar Malam Balarabe, amintaccen abokin cinikinmu na shekaru masu yawa. Muna miƙa ta'aziyyarmu ga iyalansa. Allah ya jiƙansa da rahama. Sa hannu: Shugaba da ɗaukacin ma'aikata."

Taron Alhamis ya yi kyau. Rahina ta tsaya gaban 'yan jarida ta warware zance dalla-dalla, darakta ya sa aka tafa mata. A daidai wannan lokaci ake sadakar uku a Gidan Rumji.

Juma'a da hantsi ta sauka a tasha, ta shiga gidan da ta sani kamar tafin hannunta. Mata sun cika tsakar gida. Tana yin sallama hira ta ɗauke. Ta wuce ɗakin Inna Zulai, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta fara jero kalmomin da ta shirya a mota, masu tsari, masu daɗin ji. Inna na zaune da carbi, lulluɓe da mayafin takaba. Ta bari har Rahina ta kai aya, sannan ta ɗago ido.

"Mun gode. In kin koma, ki gaida muna shugaba da ɗaukacin ma'aikata."

Ba wanda ya shimfiɗa mata tabarma. A ƙasa ta zauna, ba ta fahimci komai ba, har Basira ta ja hannunta zuwa bayan rumbu ta miƙa mata waya. Basira na kuka ta ba ta labari. Ran Talata da la'asar, ɗaki cike da dangi, Inna ta yi ta tambaya ko Rahina ta iso. Wata gwaggo ta fara taɓe baki. Basira, don ta kare ƙawarta, ta ce ai ga saƙonta ya shigo yanzu, ta buɗe ta karanta da ƙarfi ba tare da ta fara dubawa ba. Sai da ta kai ƙarshe ta ji abin da bakinta ya faɗa. Kafin magariba zance ya zaga unguwa.

Rahina ta karanta saƙon sau uku. Ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Da yamma Abdulhadi ya same ta a zaure. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya ce Inna ta kira kawunnansa ta ce a naɗe maganar aure, ba za ta iya zama gida ɗaya da yarinyar da ta mayar da Malam abokin ciniki ba. Rahina ta ce kuskure ne, wallahi kuskuren hannu ne. Ya ce ya sani.

"Ba saƙon ba ne ya fi yi mini ciwo, Rahina. Sati biyu yana tambayarki. Kullum ina ce mishi Juma'a." Ya dube ta. "Ban daina sonki ba, kuma ban ga ranar dainawa ba. Amma uba ya tafi, uwa ce ta rage mini. Ba zan ƙara mata wani kuka ba."

Ta koma Gazawa ido a kumbure. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. A rana ta uku sai ilimi ya motsa. An koya musu a makaranta yadda ake kashe wutar abin kunya: a amsa laifi da wuri, a nemi gafara, a faɗi matakin gyara. Ta ɗauko takarda ta rubuta wa Inna ban-haƙuri, ta gyara, ta sake gyarawa, har sau bakwai. Ta karanta wa Umma, tana sa ran yabo. Umma ta saurara har ƙarshe, ta ce ya yi daɗi ƙwarai, kamar a rediyo.

"Shi ne ciwon, ɗiyata. Kin iya magana har ba a sanin wadda ta fito daga zuciyarki da wadda ta fito daga buro. Zulai ba ta rasa mai daɗin baki ba. Malam ya zauna mana kwana bakwai, kin ji ya yi jawabi? Ki yaga takardar nan. Ki tafi ki zauna, ki rufe bakinki."

Rahina ta ce in an kore ta fa? Umma ta ce to ta dawo, ta sake komawa.

Takaba wata huɗu ce da kwana goma, mai yinta kuma ba ta zuwa ko'ina. Duk Asabar da safe Rahina ta kashe wayoyinta biyu, ta sa su ƙarƙashin matashi a ɗakinta na Maraɗi, ta hau mota zuwa Gidan Rumji. Ta yi sallama, ta gaida Inna, Inna ta amsa a taƙaice tana kallon bango. Sai ta ɗaura zane, ta share tsakar gida, ta surfa gero, ta tsinke zogale, ta wanke tukwane. In aiki ya ƙare ta zauna a ƙasa bakin ƙofar Inna har la'asar. Ta kwana a ɗakin Basira, Lahadi da yamma ta koma. Hannun da ya saba da biro ya yi kanta. Matan unguwa suka sa mata suna Ma'aikata, wasu a bayan ido, wasu a gabanta. In ta wuce ɗiban ruwa a ce, "Ma'aikata an fito?" Ta ce an fito, ta wuce, hawayen sai ta kai bayan rumbu.

Shirun ya fi aikin wuya. Sau nawa amsa mai kyau ta zo mata har bakin leɓe, irin wadda za ta rufe bakin kowa, ta haɗiye ta. Abdulhadi kuwa in sun yi kiciɓis a tsakar gida gaisuwa ce kawai, kamar baƙi, sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Sai dai duk Lahadi in ta isa tasha, direba ya ce mata ta shiga gaba, wani malami ya ce a ajiye mata wurin. Ba ta taɓa tambayar wane malami ba. Takan jingina kai da gilashi ta yi ta kuka har Tibiri.

A wata na biyu Madam Latifa ta kira ta. Ta ce aikin nan nasu bai san Asabar da Lahadi ba, yawancin bukukuwan kamfani a ranakun ake yi, ita kuma waya a kashe. Ta ce sai dai ta zaɓi ɗaya, ko kujerar ko Asabar ɗinta. Rahina ta ji kamar ana zare mata wani abu daga ƙirji, don shekara uku tana mafarkin wannan kujera. Ta yi godiya, ta ce Asabar ɗinta tana da mai ita. Aka ba wata 'yar ajinsu kujerar. Ba ta gaya wa kowa a Gidan Rumji ba, don ta san in ta faɗa zai zama talla.

Damina ta yi nisa, gero ya fid da kai, ya nuna. Inna ba ta sauko ba. Abin da ya canja kawai, ta daina kallon bango, wani lokaci kuma takan bar ragowar furarta a inda hannun Rahina zai kai. Rahina ta fara sallamawa a ranta cewa auren nan ya tafi. Abin mamaki, ba ta fasa zuwa ba. Ta tarar yanzu ba don auren take zuwa ba, zaman da ba ta yi wa Malam ba take yi.

Saura kwana tara takaba ta fita, ran wata Asabar da la'asar, Basira ta ɗauko rediyon Malam daga kan taga. Tun rasuwarsa ba a taɓa shi ba. Ta ce bari su ji sanarwa, an ce wata 'yar'uwarsu ta haihu a Sae Sabuwa. Ta murɗa, ya yi shuu, sai ga murya ta fito tas, cike da fara'a:

"Salamu alaikum masu gida, Rahina ce."

Basira ta kai hannu za ta kashe. Inna ta ce ta bari. Suka zauna su uku har tallar man gyaɗa ta ƙare. Carbin Inna ya tsaya a hannunta. Da ta yi magana, ba Rahina take kallo ba, gadon da babu kowa a kai take kallo.

"Ran Litinin, ana gobe zai tahi, akwatin ga na kusa da kansa. Ido ya riga ya yi nauyi. Sai muryarki ta hito. Ya amsa, ya ce, 'Wa alaikumus salam, shigo ɗiyata.' Ya ce mini, 'Zulai, ba na ce miki za ta taho ba? Shimhiɗa mata tabarma.'" Muryar Inna ta karye. "Na kasa ce mishi rediyo ne. Na tashi na shimhiɗa. Ya yi ta yi wa tabarma hira har barci ya ɗauke shi."

Rahina ta buɗe baki. A karo na farko a rayuwarta babu komai a ciki. Wani irin kuka ya ƙwace mata, mara tsari, mara kyan gani, irin na yarinyar da ta koyi tafiya a wannan tsakar gida. Ta rarrafa ta kifa kai a ƙafafun Inna. Da ƙyar, cikin shessheƙa, ta haɗa kalmomin da ko yaro ya iya, waɗanda duk jawabanta ba su taɓa ɗauke da su ba.

"Inna... ya haƙuri? Inna, ya haƙurin Baba?"

Inna ta ajiye carbinta. Sannan Rahina ta ji tafin hannu ya sauka a kanta.

"Da godiya," in ji Inna, hawaye na bin kuncinta. "Yau kika yi mini gaisuwa." Ta juya wajen Basira. "Ɗauko tabarmar can ta bayan ƙyaure. Tata ce. Tun ran nan na naɗe ta."

Basira ta shimfiɗa. Rahina ta hau ta zauna, suka yi ta kuka su uku har aka kira magariba. Abdulhadi ya shigo zai ɗauki buta, ya ga wadda ke kan tabarma, ya tsaya cak. Inna ta ce masa ya daina tsaye a kan mutane, in ya fito masallaci ya biya ya ce wa kawunnansa tana nemansu. Ya fita da sauri har ya manta butar.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure, ba tare da wani gagarumin biki ba. Rahina ta kare memuwar ɗinta a makare, amma ta ci. Daga baya wata ƙungiyar manoma a Gidan Rumji ta ɗauke ta tana yi musu hulɗa da jama'a, aikin bai kai na kamfani suna ba, amma ana kashe waya ran Juma'a. Sunan Ma'aikata ya bi ta har ɗakinta, Inna ma da shi take kiranta in tana cikin raha. Haƙurin da ta yi ya dawo mata da miji, ya dawo mata da uwa. Abu ɗaya ne bai dawo da shi ba, kuma ta san ba zai dawo ba.

Don haka duk ɗalibin da aka turo mata sitaj, kafin ta koya masa rubuta sanarwa takan gaya masa cewa magana mai daɗi sana'a ce, ana koyonta, ana cin abinci da ita, babu laifi. Amma akwai mutanen da ba a aika musu da ita. In aka ce naka ba shi da lafiya, ka ajiye abin da ke hannunka ka tafi da ƙafarka a ranar, ko ba ka da abin cewa. Ɗaliban sukan gyaɗa kai suna latsa waya, kamar yadda ita ma ta yi wa Umma. Ita kuwa har yau in ta ji an yi sallama a rediyo, sai ta miƙa hannu ta rage murya.